Shagon Baba Bazabarme a zangon Obuasi: akwai tsada, amma can nake awo

Duk matar da aka kawo Obuasi ta ƙasar Ghana daga arewa, kafin rashin jin yaren Twi ya dame ta tukunya za ta fara damunta. Kasuwa cike da rogo, ayaba da manja, ke kuma gero kike nema da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ni 'yar Madawa ce ta Nijar, maigida yana aikin ƙarƙashin ƙasa da wani ɗan kwangila a mahaƙar zinariya, kuma tun zuwana wurin Baba nake awo, wani tsohon Bazabarme mai shago kusa da masallacin layinmu.

Daddawarsa ta kalwa ce zalla, ba haɗin waken suya, tun daga bakin ƙofa za ki ji ta. Yajinsa ma ba laifi. Geron ne sai an yi haƙuri: da olonka yake awo, gwangwanin nan na Ghana, ba tiya irin tamu ba, kuma sai kin zauna kin rege tsakuwa kafin ki kai inji. Kuka kuwa kada ki saya da damina ba ki buɗe leda ba. Danshin garin nan yana dunƙule ta, ta yi baƙi, miya ta ƙi yauƙi. Na taɓa mayar masa da ita, ya shinshina ya ce, "'Yata, ruwan Asante ne, ba ni ba ne." Ya dai canza mini.

Kuɗinsa sun fi na Kumasi, wannan ba gardama. Mai kuɗin mota ya tafi can ya yi sari, ba nisa, kilomita 60 ne ko ɗan fiye.

Abin da ya riƙe ni littafin bashinsa ne. Kowane gida da shafinsa, da ajami yake rubutawa, kuma ya san ranar da 'yan kwangila ke biyan albashi fiye da mu matan. Da aka dakatar da haƙa a babbar mahaƙar a 2014, maza suka watse, wasu suka tafi Tarkwa, wani garin zinariya, wasu suka shiga galamsey, wato haƙar zinariya ta bayan fage, wasu suka koma gida. Sai 2019 zinariya ta sake fitowa. A tsakanin nan bai rufe mana shafi ba, bai kuma taɓa aiko yaro ƙofar gida a gaban maƙwabta ba. Sai dai in kin je ya buɗe littafin ya juyo miki shi, bai ce komai ba. Wallahi gara a yi miki faɗa.

Yarana, da aka haifa a nan, banku suka fi so, tuwon gero sai da lallashi. Babansu ne in ya fito aikin dare, ido jajur, ba ya son komai sai fura.

Baba yana karɓar MoMo, wato biyan kuɗi ta waya. Ranar Juma'a kada ki je kafin a sauko daga masallaci, a kulle za ki tarar.