KILAF na Kano ko AFRIFF na Legas: ina mai gajeren fim daga ƙauye zai dosa?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce kai da abokanka kun haɗa gajeren fim na minti 18 a ƙauyenku da ke gefen Ringim, a kan yadda ambaliya ke cinye gonakin shinkafa a bakin kogin Haɗejiya, kuma abin da ke hannunku ba zai kai ku wuri biyu ba. Kana son sanin wanne ya fi tsakanin bikin fina-finai na KILAF da ake yi a Kano da na AFRIFF da ake yi a Legas. Ka kuma tambaya a madadin abokanka biyu da ba su cikin harkar, kallo kawai suke so.

Shawarata ita ce ka tura fim ɗin duka wuraren biyu, amma kai da ƙafarka ka tsaya Kano a wannan karon. Ga dalilaina, ka auna su da kanka.

AFRIFF shi ne babba, babu ja a nan. Chioma Ude ce ta kafa shi a 2010, aka fara a Fatakwal, ya taɓa komawa Kalaba, daga baya ya zauna a Legas. Mako guda ake yi, galibi a farkon Nuwamba, kuma fina-finai na zuwa daga ƙasashen Afirka da ma wajenta. KILAF ƙarami ne a kansa kuma bai kai shi shekaru ba. Malam Abdulkarim Muhammad na kamfanin Moving Image ne ya assasa shi a Kano a 2018, shi ma akan yi shi a Nuwamba. Abin da ya bambanta shi yana cikin cikakken sunansa na Turanci, Kano Indigenous Languages of Africa Film Market and Festival: biki ne da kasuwa na fina-finan da aka yi da harsunan Afirka. A Legas fim ɗinka na Hausa zai shiga cikin ɗimbin fina-finai, da yawansu na Turanci. A Kano kuwa don irinsa aka kafa bikin tun farko, zai zauna kusa da na Yarbanci da na sauran harsunanmu, ba wanda zai yi masa kallon baƙo.

Kada ka ji wannan ka ɗauka Hausa nakasu ce a Legas. Ka tuna a 2019 masu kyautar Oscar a Amurka sun ƙi karɓar Lionheart, fim ɗin da Najeriya ta tura, saboda yawancin maganar cikinsa Turanci ce. Wanda ƙasar ta tura a shekarar da ta biyo baya shi ne The Milkmaid, kuma da Hausa aka yi mafi yawansa. A 2024 ma Mai Martaba aka zaɓa, shi ma na Hausa. Masu zaɓen fim a manyan bukukuwa suna neman labarin da ba su saba gani ba, kuma manomin da ke tsaye cikin ruwa har ƙugu yana duban shinkafarsa abu ne da ɗan Legas ba zai iya ɗauka a unguwarsu ba. Wannan kaya ne mai daraja a hannunka. Abin da ke kayar da mu a can ba harshe ba ne, abubuwa biyu ne, kuma zan daɗe a kansu domin su ne za su yanke hukunci a duka bukukuwan.

Na farko fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo. A Kano, ko fassararka ta yi rauni, akasarin mutanen da ke zaune a ɗakin suna jin Hausa. Za su ji zafin maganar dattijon da ya ce ruwa ya ci guminsa na shekara, za su yi shiru inda ya kamata. A Legas alƙalin da ke kallo ba shi da wata ƙofar shiga labarinka sai waɗannan layukan Turanci. Idan suka zo a karkace, ko suka wuce kafin ya gama karantawa, ko aka juya karin magana kalma da kalma ta koma abin dariya, to ya bar fim ɗin a minti na uku. Mun sha ganin wannan a fina-finanmu, ana kuka a allo amma mai karanta fassara yana murmushi. Raina yana ɓaci sosai idan na ga aikin da aka sha wahala a kansa ya faɗi a kan wannan. Ka nemi malamin Turanci na sakandare da ke kusa da ku, ku zauna ku bi fim ɗin layi-layi. Kowane layi ya zama gajere, kada ya wuce jeri biyu a allo. Sannan ka ba wani wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan ya kalla, ya ba ka labarin abin da ya fahimta. Inda ya ɓata, nan aikinka yake.

Na biyu sauti. Hoton waya mai kyau yana wucewa a biki, musamman idan an ɗauka da safe ko da yamma lokacin da rana ta yi laushi. Sautin da iska ta cika shi da huci ko ƙarar janareta ta danne shi ba ya wucewa. A waya ba ka cika jin wannan aibin ba, amma lasifikan sinima suna fito da shi fili. Kafin ka tura ko'ina, ka kai fim ɗin wajen masu tace sauti a titin gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim suke da yawa, a saurara da manyan lasifika. Idan akwai wurin da magana ba ta fita, a sake ɗaukar muryar a ɗaki mai shiru a ɗora. Kuɗin da za ka kashe a nan ya fi maka amfani a kan kuɗin motar Legas.

To ga maganar tafiyar kanta. Daga Ringim zuwa Kano tafiyar safiya ce, kana iya kwana wajen ɗan'uwa a Kurna ko Hotoro ko Ɗorayi, abinci ka san inda za ka same shi da sauƙi. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kwana ake yi a hanya idan ka bi manyan motocin Sabon Gari. Kuma isa Legas ba shi ne isa biki ba. AFRIFF yakan gudana ne a ɓangaren tsibiri, wajen Victoria Island da Lekki, inda masauki da abinci suke da tsada ƙwarai. 'Yan'uwanmu da za su ba ka tabarma kyauta galibi suna Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba, kuma daga can zuwa tsibiri kullum safe da dare, cikin cunkoson gada, zai cinye maka sa'o'i da kuɗi. Idan kana da wani a Obalende, to lissafin ya ɗan sauya, don nan kusa ne. Ka ƙara da cewa Nuwamba kaka ce. Mako guda da 'yan kwanakin hanya a lokacin da ake yankan dawa da sussukar shinkafa ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da ke jiran hannunka. A Kano kana iya zuwa kwana biyu, ka koma gona, ka dawo ranar rufewa.

Amma ba kuɗi ne babban dalilina ba. Amfanin biki ga mai fim na farko yana cikin mutanen da zai zauna da su bayan an kunna fitila. Wa zai tsaya ya ce maka wannan fitowar ta yi tsawo, ka rage ta? Wa zai karɓi lambarka, kuma idan ka kira shi bayan wata biyu ya ɗauka? A AFRIFF akwai manyan furodusoshi da masu rarraba fim da baƙi daga ƙasashen waje, kuma ana yin azuzuwan horo masu kyau, har an taɓa tura wasu ɗalibansu ƙarin karatu a jami'ar jihar Montana ta Amurka. Sai dai wurin yana da cika da sauri. Hira da Turanci ake yi, a tsaye, cikin 'yan mintuna, kuma wanda ya zo da wanda zai gabatar da shi shi ke samun kunne. Saurayin da ya zo shi kaɗai daga Jigawa, bai san kowa ba, yana iya gama makon yana kallon manya daga nesa. A KILAF taron bai kai haka girma ba, kuma wannan ƙanƙantar ita ce ribarka. Daraktoci da masu ɗaukar hoto da marubutan Kannywood suna nan, da malaman jami'a masu nazarin fim, kuma da harshenka za ka yi musu magana. Ka gaida dattijo yadda aka koya maka a gida, ka ce masa ranka ya daɗe ga ɗan aikin da muka yi, zai fi sauƙi ya ba ka minti goma. Wanda ka sani a Kano kuma za ka sake ganinsa, domin tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka ta raba ku. Irin wannan sanayyar ce ke kai mutum lokeshan a matsayin mataimaki, daga nan ya koyi abin da ba a koya a waya.

Inda Legas ta yi wa Kano nisa shi ne suna. Idan AFRIFF ya zaɓi fim ɗinka, tambarin nan da za ka ɗora a fostarka yana buɗe ƙofa a wasu bukukuwan na waje da wajen masu ba da tallafi, fiye da yadda na KILAF zai yi a yanzu. Abin daɗin shi ne ba sai ka taka ƙafa ba kafin ka nema. Ta intanet ake turawa, galibi ta shafin FilmFreeway, inda za ka ɗora fim ɗin da taƙaitaccen bayaninsa da hotuna. Kamar riɗi ne, yana isa ƙasashen waje ba tare da manominsa ya wuce Dawanau ba. Idan Allah ya sa aka zaɓe ka, a lokacin ne maganar tafiya ta taso, kuma a lokacin kana da takardar gayyata da za ka nuna wa masu hali a garinku ko ƙaramar hukuma ka nemi gudummawar kuɗin mota. Mai takarda a hannu ya fi mai cewa zan je in gwada sa'a samun taimako.

Abubuwa biyu ka kiyaye a nan. Ana rufe karɓar fina-finai watanni kafin ranar biki, don haka wanda ya farka a Oktoba ya makara, sai baɗi. Sannan kada ka yi gaggawar sakin fim ɗin a YouTube. Na san yadda zuciya ke ƙaiƙayi mutum ya ga 'yan garinsu suna yaɗa aikinsa, amma bukukuwa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da kowa ya riga ya gani kyauta. Ka karanta ƙa'idar kowane biki da kyau, har da maganar kuɗin shiga, domin tana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Idan kuma kana da niyyar haska shi a bainar jama'a a Kano ko sayar da shi, ka san akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda ke aiki tun 2001, ka nemi bayani tun da wuri.

Game da abokanka masu son kallo, nan gaskiya Legas ta fi kayan kallo. Fina-finai sun fi yawa, ana haska su a ɗakuna daban-daban a lokaci guda har mutum ya rasa wanda zai shiga, kuma wasu a nan ake fara nuna su kafin su fita kasuwa. Ga wanda Allah ya hore masa, mako ne mai daɗi. Amma ga wanda ya tashi da gidan kallo na ƙauye da Arewa24 da fina-finan Indiya masu fassara, abin da zai gani a Kano ma sabo ne. Zai ga gajerun fina-finai da na gaskiya waɗanda ba a nunawa a gidan kallo, daga ƙasashen da bai taɓa ganin fim ɗinsu ba, kuma wani lokaci wanda ya yi fim ɗin yana zaune a ɗakin ana yi masa tambaya. Su fara da wannan. Ka kuma gaya musu fim ɗin biki sau da yawa yana tafiya a hankali, ba waƙa ba rawa, kada su tashi a minti goma na farko. In sun zo ranar da za a haska naku, su zauna a wurare daban-daban a ɗakin, su lura da inda mutane suka fara duba waya. Wannan bayanin zai yi maka amfani wajen sake tace fim ɗin.

Akwai wasu bukukuwan da ban sa a ma'auni ba tunda ba su ka tambaya ba, amma ka san da su. Zuma na Hukumar Fina-finai ta Najeriya ne, wadda hedikwatarta ke Jos, ana yin sa a Abuja wajen ƙarshen shekara, kuma Abuja ta fi Legas kusa da mu sosai. FESPACO na Wagadugu a Burkina Faso ya girme su duka, tun 1969 ake yin sa, sai dai shi duk bayan shekara biyu ne.

Wani abu da ba ka ambata ba kuma ya dame ni: mutanen da suka fito a fim ɗin. Idan manoman gaske ne da matansu da 'ya'yansu, ka koma ka gaya musu a fili cewa za a nuna fuskokinsu a Kano, wataƙila har Legas, a gaban mutanen da ba su sani ba. Ka sanar da mai unguwa, ka nemi yardar magidanta a kan iyalansu da yardar matan su kansu, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Wasu bukukuwan suna tambayar wannan takarda, kuma ko ba su tambaya ba haƙƙin mutanen ne, da su za ka ci gaba da zama bayan an tashi daga biki. Wanda ya ce bai yarda ba, ka cire fitowarsa ko da ita ce ta fi kyau a fim ɗin.