Sinasir ɗin Madaras da hoton tsoho mai baƙin tabarau

Shekarata goma sha ɗaya a Jidda ina sana'ar yadi a Balad, amma sai watan jiya na san wani ɗan gidan abincin Indiyawa da ke unguwar Sharafiyya. Wani ɗan Indiya da nake sarin kaya a wajensa ne ya kai ni bayan Azahar. Tebur shida ne kacal a ciki, kuma tun daga bakin ƙofa ƙamshin ƙullin da ya kwana yake tarbar mutum.

Dosa na fara ci. Duk wanda ya san sinasir zai gane danginsa ne: shinkafa ake jiƙawa a niƙa da wani irin wake, a bar ƙullin ya tashi. Sai dai nasu siriri ne, faɗinsa ya kai faifai, bakinsa ƙaras-ƙaras, an naɗe dankali da albasa da kurkum a ciki. Miyar da ake tsoma shi, sambar, ta adas ce, wani ɗan ƙaramin wake, da tsamiya, kuma kan riyal takwas yaron da ke kawo abinci zai yi ta ƙara maka ita har ka ɗaga hannu. Idli kuwa waina ce da aka turara ba mai, ni dai ta yi mini lami. Gahawarsu mai madara kuwa ana sheƙa ta ne tsakanin kofunan ƙarfe biyu, kamar yadda masu shayin gida ke yi.

A zuwana na uku na tambayi dattijon da ke karɓar kuɗi game da hoton da ke bayansa, wani tsoho ramamme mai baƙin tabarau. Na ce, "Ammi, mahaifinka ne?" Ya ce, "A'a Hajji, wannan Rajaji ne. Mahaifina yadi yake sayarwa kamar kai a birnin Madaras na Indiya, shi kuma wannan ne ya yi magana da yawunsu."

Ya ja kujera ya ba ni labari, na koma gida na ƙara karantawa. Rajaji, wato Rajagopalachari, abokin gwagwarmayar Mahatma Gandi ne, shi ne kuma Gwamna Janar na ƙarshe a Indiya, daga 1948 zuwa 1950. A 1959, yana da shekara 80, ya haɗu da 'yan siyasa Minoo Masani da N. G. Ranga suka kafa jam'iyyar Swatantra, wato 'yanci, alamarta tauraro. Abin da ya tunzura su shi ne ƙudurin da jam'iyyar Firayim Minista Nehru ta zartar a Nagpur a farkon wannan shekarar na noman haɗin gwiwa. Su kuwa suka ce gona ta mai ita ce, kuma gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa. A lokacin ba ka isa ka buɗe masana'anta, ko ka faɗaɗa ta, ko ka shigo da inji ba sai da izinin wani ofis, shi ya sa Rajaji ya kira tsarin mulkin lasisi da izini.

Nan maganar ta taɓa ni. Na san abin da takarda ɗaya ke yi wa ƙaramin ɗan kasuwa. Mai babban jari yana da wanda zai bi masa layi, mai ƙaramin shago kuwa rufewa yake yi ya tafi da ƙafarsa, cinikin ranar ya tafi ke nan.

Jam'iyyar Swatantra ta samu kujera 18 a zaɓen 1962, ta kai 44 a 1967, har ta zama babbar 'yar hamayya a majalisar wakilai, ta kuma jagoranci gwamnatin jihar Orissa. Amma tabon da aka shafa mata na jam'iyyar sarakuna da attajirai bai goge ba, kuma a ganina akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda irin su Gayatri Devi, sarauniyar Jaipur, su ne fuskarta a wurare da dama. Da Firayim Minista Indira Gandi ta fito da taken kawar da talauci a 1971, kujerunsu suka koma 8. Rajaji ya rasu a 1972, a 1974 jam'iyyar ta narke cikin wata. Sai a 1991 gwamnatin Narasimha Rao ta soke yawancin lasisin nan. Dattijon ya ce mahaifinsa bai kai wannan shekarar ba, daga nan ya yi shiru ya shiga goge teburin da babu komai a kansa.

Aibin gidan abincin biyu ne. Babu inda iyali za su zauna a sake, don haka nawa gida nake kai musu, kuma dosa idan ya huce ya rasa rabin daɗinsa. Wajen ajiye mota ma wahala ne. Ku je kafin ƙarfe ɗaya, kuma idan akwai yara ku gaya wa yaron ya rage barkonon dankalin.