Wata takwas ina koyon fiyano wajen Malama, ga abin da na gani

Wata takwas kenan ina zuwa darasin fiyano sau ɗaya a sati, awa ɗaya, tunda har yanzu ban gudu ba ai na isa in tofa albarkacin bakina. Malamar tawa makaɗiya ce ta gaske, ta yi shekaru tana hawa dandali tana kaɗa kiɗan manyan mawallafan kiɗa na Turai irin su Bach da Chopin kafin ta rage yawo ta koma koyarwa. Ni kuma da girmana na fara, yatsu duk sun sandare, maɓallan nan 88 kallonsu kawai nake kamar haƙoran kada.

Ranar farko na je da zumuɗina na ce Malama ni fa Für Elise, wani sanannen kiɗan fiyano na Beethoven, nake so in iya. Ta yi dariya ta ce kowa da ita yake zuwa, wai shi kansa Beethoven bai ga an wallafa ta ba, sai 1867 aka fitar da ita, shekara 40 bayan mutuwarsa, saboda haka nima in yi haƙuri. Wallahi darasin ranar kaf a kan zama ya ƙare, tsayin kujera, inda gwiwar hannu za ta tsaya, a sauke kafaɗa, kar wuyan hannu ya lanƙwashe. Na koma gida ina ƙunƙuni.

Amma fa matar nan tana da kunne, abin har tsoro yake ba ni. Su a wajensu yatsu lamba gare su, babban yatsa 1, ƙaramin 5, to sai ta juya min baya tana neman wata takarda ina kaɗawa, kawai ka ji ta ce "wannan da na 3 ka danna, na 4 na ce maka." Kuma haka ne! Ashe na 4 ɗin jijiyarsa haɗe take da ta maƙwabtansa shi ya sa ɗaga shi shi kaɗai yake wahala, ni kuma ina ta yi mata wayo ina kauce masa. Ita ce ma ta gano cewa a gida ƙaramin kibod mai maɓalli 61 nake amfani da shi wanda ba shi da nauyi, ban faɗa mata ba, daga yadda nake taɓa nata ta gane.

Tsarinta ɗaya ne, a hankali. Hannun dama daban, na hagu daban, a kunna na'urar nan mai tik tik, metronom, a sa ta a bugu 60 a minti, layi biyu kacal sai ka maimaita har ka gaji, in ka yi sauri ta ce saurin me, wa ya biyo ka. Atisayen motsa yatsu na littafin Hanon guda 60 ne amma kaɗan ta zaɓar min, ta fi son na Czerny, wanda ya yi karatu wajen Beethoven, daga baya ya koyar da shahararren makaɗin fiyano Liszt. Da can ni ina ɗauka wanda dandali ya ƙi shi ne yake komawa koyarwa, sai ta ce min Chopin ma a Faris da darasi ya fi cin abinci, wasan da ya yi gaban jama'a duk rayuwarsa bai wuce wajen 30 ba. Na yi shiru.

Inda take ba ni haushi kuwa, in wasa ya taso mata sai ta ɗaga darasi, wani lokacin ana gobe za ta turo saƙo, sau uku ana min haka. Yabo kuma sai ka yi da gaske, iyakarta "to, ba laifi." Ga nacin sai na zauna jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, mai giredi 1 zuwa 8, alhali na sha gaya mata Malama ni fa ba takarda nake nema ba. In kai mai son a lallaɓa ka ne ko kana so ka burge mutane cikin sati biyu, gaskiya nemi wani malamin.

Yanzu dai ina kaɗa ɗan gajeren kiɗan nan, Minuet, da aka daɗe ana cewa na Bach ne ashe na wani mai suna Petzold ne, hannu biyu tare, ba tuntuɓe sosai. Für Elise kuma ta ce wata mai zuwa, amma farkonta kawai, tsakiyar wai ko kallonta kar in yi tukuna.