Gargaɗi: masu tallan kiwon jatan lande a akwatin gilashi sun shigo Kebbi

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya ga wanga rubutu ya tura shi guruf-guruf ɗin da yake ciki, musamman na mata da na matasa masu neman abin yi, don su ake hari.

Akwai wasu mutane da ke tallan wai kiwon jatan lande cikin ɗaki, suna farawa daga Facebook da TikTok sannan su ja ka zuwa WhatsApp. Za su turo maka bidiyon manyan jatan lande masu dogayen hannuwa shuɗɗa cike da baho, su ce duk wannan daga akwatin gilashi ya fito irin na kifin ado, cikin wata uku kacal. Kayan da suke sayarwa ɗan akwatin gilashi ne, da ƙaramin injin iska, da wani gari mai ruwan ƙasa ƙulle a leda wai shi ne ƙwan, sai kwalbar wani ruwa wai sinadarin girma. Babban tarkon kuma shi ne alkawarin wai in sun girma su da kansu za su turo mota har Birnin Kebbi ko Jega su saye a kilo, wai otal-otal na Legas da Abuja na can na jira. Kuma in ka kawo mutum uku sunka yi rajista za a rage maka kuɗin naka kayan.

Wata ƙanwar mai ɗakina ta zuba kuɗin adashenta gaba ɗaya a ciki, ita da maƙwabtanta biyu, kuma ita ta kawo min ledar garin ta ce Yaya duba min ko na iya haɗawa daidai. Ni sana'ata ƙyanƙyasar tarwaɗa ce, ina buɗe ledar na gane abin. Ƙwan Artemia ne wallahi, wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwan gishiri, abincin da muke ba 'ya'yan tarwaɗa a kwanakinsu na farko, a gwangwani ake sayar da shi kuma duk mai ƙyanƙyasa ya san shi. Ƙwansa na iya bushewa ya daɗe a ajiye, in ka zuba shi a ruwan gishiri ka ba shi iska cikin kwana ɗaya zuwa biyu za ka ga wasu 'yan ƙananan abubuwa ja-ja suna ta motsi. To nan ne dabararsu take, kwalbar nan ta sinadarin girma ruwan gishiri ce kawai, mutum ya zuba ya kwana ya tashi ya ga abu na yawo cikin gilashi sai ya ce lallai gaskiya ne, ya ɗauki bidiyo ya tura guruf, wasu goma su gani su tura kuɗi. Alhali Artemia ko ya kai ƙarshen girmansa bai wuce kamar santimita 1 ba, kuma in ka mai da shi ruwan daɗi sa'o'i kaɗan zai yi ya mutu. Su kuma umarnin da suke bayarwa ke nan, wai bayan kwana biyu a canza ruwa. Da an canza komai ya mutu, sai su ce ai ruwan burtsatsenki ne bai da kyau, ki turo kuɗin magani da sabon ƙwai.

Ku riƙe wannan da kyau: jatan lande na ruwan daɗi ba ya da ƙwan da ake busarwa a ƙulla a leda. Uwar ce ke ɗauke da ƙwan a ƙarƙashin cikinta tana kaɗa masa ruwa da ƙananan ƙafafunta har ya ƙyanƙyashe. Duk wanda ya miƙo maka gari ya ce ƙwan jatan lande ne to ƙarya yake tun daga nan, ba sai an je ko'ina ba.

Su manyan da suke nunawa a bidiyo akwai su da gaske, ana ce musu Macrobrachium rosenbergii, asalinsu yankin kudu maso gabashin Asiya, kuma ƙasashe irin su Tailan da Bangaladash na kiwonsu sosai. Amma a manyan kududdufai na ƙasa ake yi, wata shida ko fiye kafin a kwashe, ba a gilashin da bai fi bokiti biyu ba. Kuma mazansu mafaɗata ne, in wuri ya matse su suna cin junansu musamman lokacin da ɗaya ya saɓe ɓawo jikinsa na da laushi. Babbar matsalar ma ita ce 'ya'yan, da sun ƙyanƙyashe sai an sa su a ruwa mai gishiri-gishiri irin na inda kogi ke haɗuwa da teku, su yi kusan wata guda suna canza kama mataki 11 kafin su iya zama a ruwan daɗi. Irin namu na Afirka ta Yamma ma, vollenhovenii, haka yake, shi ya sa can kudu wajen bakin teku ya fi yawa. Aiki ne na wurin ƙyanƙyasa mai ma'aunin gishiri da wuta da ba ta yankewa, ba na matar aure da anka ce ta aje gilashi bisa durowa ba.

Akwai dai wanda ake iya hayayyafawa a gida, gaskiya ne, ɗan jan nan da ake ce ma cherry, Neocaridina davidi, daga Taiwan da Chaina. Ina son su ƙwarai, in sun samu ruwa mai kyau da ciyawar ruwa kallonsu kaɗai na sanyaya rai. Uwa na ɗaukar ƙwai kamar 20 zuwa 30, wajen sati uku ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito da kamannin iyayensu ba sa buƙatar gishiri. Amma fa na ado ne, babba a cikinsu bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, sai ka tara dubbai kafin su yi kilo ɗaya, to wane otal ne zai turo mota daga Legas saboda wannan? Kuma su ma ba su da sauƙi a ƙasarmu. Sun fi jin daɗi a zafin ruwa digiri 22 zuwa 26, mu ko a Afrilu Birnin Kebbi na haura 40, ɗaki mai rufin kwano ruwan gilashi zai yi ɗumi iskar ciki ta ragu, in NEPA ta ɗauke wuta injin iska ya tsaya shi ke nan. Sai an bar sabon akwati yana aiki sati huɗu zuwa shida kafin a zuba su saboda ƙwayoyin da ke cinye dattin ruwa su zauna. Kulorin na ruwan famfo na kashe su, tagulla na kashe su, maganin sauro kuma ko na fesawa ko na kunnawa in ya sauka a ruwan an gama, kuma wane gida ne a Argungu ko Yawuri ba a kunna maganin sauro da damina? Ko ɗaya cikin waɗannan masu tallan ba su faɗa ba, saboda ba kiwon ne ya dame su ba.

Abin da ya fi ci min rai, matan da sunka yi asara kunya ta hana su magana, wata ma mijinta bai san ta shiga ba, wata kuma ita ta jawo 'yan uwanta yanzu ana kallonta kamar da ita anka haɗa baki. Da sunka fara tambaya a guruf ɗin WhatsApp na masu tallan sai admin ya kulle ya zama shi kaɗai ke iya rubutu, daga baya aka cire su ɗaya bayan ɗaya, lambar kuma ta daina shiga. Asusun da anka tura kuɗin ma sunan mutum ne ba na kamfani ba, kuma kowace da sunan da aka ba ta. Mun ga damfarar zuba kuɗi ta MMM a 2016, mun ga ta CBEX a 2025, salon kawo mutum a rage maka ko a ba ka kaso duk ɗaya ne.

In kin riga kin tura kuɗi Hajiya kada ki goge komai, ki aje risit da hoton hirarku da lambar asusun, ki je bankinki da wuri ki shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ku haɗu ku kai ƙara wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato, ƙarar mutum goma ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Kada ki ƙara ko kwabo da sunan kuɗin magani ko kuɗin mota, kuma in wani ya kira ya ce zai ƙwato miki kuɗinki amma ki fara biyan wani abu, su ne dai sunka dawo. Wanda kuma ke son kiwon abin ruwa da gaske ya je ya ga gonar da idonsa kafin ya biya, ya tambayi masu kiwon kifi na unguwarsu, ko ya nemi cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta NIFFR da ke New Bussa kusa da Kainji, daga Yawuri ba wata ƙasa ba ce. Wanda ke da ledar garin nan a hannu kuma ya aje ta yadda take, shaida ce.