Gajeriyar tsayawa ko doguwa: canjin jirgi da yaro ɗan wata 20

'Yar'uwa, kin ce ke kaɗai za ki yi tafiyar da yaronki ɗan wata 20, jirgi biyu, na farko awa 6, na biyu awa 8. Tikiti biyu ne a gabanki: ɗaya za ku tsaya a filin canji awa 1 da minti 20, ɗayan awa 4 da rabi. Ranki ya fi kwanciya da gajeriyar, a yi ta ta ƙare. Da ni ce, doguwar zan ɗauka.

Minti 80 ɗin nan a takarda kawai suke 80. Ana rufe ƙofar shiga jirgi minti 15 zuwa 20 kafin ya tashi, saura 60 ke nan. Mai yaro kuwa ba ta cikin masu fita da wuri. Sai kin nemo fida, kin laluba ƙarƙashin kujera kin ciro takalmin da ya wurgar, kin goya shi, kin rataya jaka. Idan jirgin ya tsaya nesa aka kwaso ku a bas, wasu mintunan sun sake tafiya. Ga layin bincike, domin a manyan filaye irin Dubai da Doha masu canjin jirgi kan sake bi ta na'ura. Dokar nan ta 2006 da ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 ba ta hau kan madara da abincin yara ba, amma sau da yawa sai an ware su an duba, ke kina tsaye kina kallon agogo. Bayan nan sai tafiya. A sabon filin Istanbul, wanda aka buɗe a 2018, daga wata ƙofa zuwa wata kan ci minti 20 a ƙafa, kuma wannan ga wanda ba ya ɗauke da kowa ne.

Kada ma ki sa rai da keken yaron. Wanda kika miƙa a bakin jirgi ba kullum ake maido shi a filin canji ba, sau tari sai can ƙarshen tafiya za ki gan shi tare da akwatuna. Kamfanin jirgin Emirates na ajiye kekunan aro a Dubai, amma ba kowane fili ke da su ba. Ki riƙe abin goyonki a jakar hannu.

Na taɓa gwada irin wannan gajeriyar tsayawa, awa 1 da minti 10. Jirgin farko ya yi lattin rabin awa, na iso ƙofa ina haki, an riga an rufe. Kamfanin ya sa mu a jirgin gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma bayan awa 9, ga famfas biyu kacal suka rage mini. Tun ranar nake ɗaukar guzurin kwana guda cur a jakar hannu, har da kayan canzawa nawa, ba na yaro kaɗai ba.

Me awa 4 da rabi ke saya miki? Bayan an cire fita da bincike da shiga, abin da ya rage bai wuce awa 3 ba, kuma duk suna da aiki. Za ki canza masa a ɗaki mai teburi da wurin wanke hannu, ba a banɗakin jirgi da ko juyawa ba a iya yi ba. Zai ci abinci a zaune. Mafi muhimmanci, zai yi gudu. Yaron da ya iya tafiya, aka danne shi awa 6 a cinya, ƙiriniyar tana nan a jikinsa, dole ta fita. Ko ta fita a wurin wasan yara na filin, ko ta fita a cikin jirgin awa 8, a kan mutanen da ke kujerar gaba. Ki sake shi ya yi ta zarya har ya gaji, kada ki bari ya yi barci a filin in da hali. Barcin nan a jirgi na biyu kike buƙatarsa.

Ita ma doguwar da nata wahala. Yinin ya ƙara tsawo, ke kuma ba mai karɓar ki, ko banɗaki za ki shiga sai da shi da jaka. Ki duba kuma ƙarfe nawa tsayawar ta faɗo a agogon jikin yaron, ba a agogon filin ba. Awa 4 da hantsi wasa ne, awa 4 da biyun dare kuwa rigima ce. In ta haura awa 6 ko 7 babu ɗakin kwana, ni ma ba zan yaba ta ba.

Gajeriyar tana iya yiwuwa idan filin ƙarami ne, kuma akwai jirage da yawa a rana zuwa inda za ki. Idan sau ɗaya ake tashi a rana, rasa shi kwana ne. Sannan ki tabbata tafiyar duka a tikiti ɗaya take. In haka ne, kamfani ke da alhakin sake miki jirgi, akwatuna kuma su wuce da kansu, kodayake a gajeriyar tsayawa su ma kan makara. In tikiti biyu ne daban, sai kin ɗauki kaya kin sake awo, latti kuma asararki ce. Wannan ko da awa 4 ba na so.

Tunda bai cika shekara 2 ba, zai iya zama a cinyarki, akan biya masa kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba. Gadon jarirai da ake maƙalawa a jikin bangon jirgi yana da iyakar nauyi, kilo 11 a kamfanoni da dama, kuma ɗan wata 20 galibi ya fi shi tsawo. In aljihu zai ɗauka, kujerarsa ta kansa a jirgin awa 8 ta fi komai sauƙaƙa miki. Idan zai cika 2 kafin ku dawo, dole ne ma a saya masa ta dawowa.

Canji na nufin sauka biyu, kuma a sauka kunne ke ciwo. Ki ba shi nono ko fida kamar rabin awa kafin jirgi ya taɓa ƙasa, haɗiyar ce ke buɗe kunnen. Za a samu mai ba ki shawarar maganin sa barci. Ki ƙi. Promethazine, ɗaya daga cikin irin magungunan nan, an hana bai wa ɗan ƙasa da shekara 2 saboda yana danne numfashi, wasu irinsa kuma maimakon barci sai su ƙara wa yaro ɓarna.

Kafin ki biya, ki duba ko ƙasar canjin na neman bizar wucewa a kan fasfonku. Ingila da ƙasashen Turai na yankin Shengen suna nema daga 'yan wasu ƙasashe ko da ba za a fita daga filin ba, kuma shi ma yaron sai da tasa.