Aikin fentin gindin jirgi da aka yi mana a Gombe, ga yadda ta kaya

Duk mai ƙaramin jirgin ruwa na faiba da yake ajiye shi kan tirela a gida, kar ya yarda a sayar masa da fentin antifaulin, wato fentin da ke hana gansakuka da halittun ruwa mannewa a gindin jirgi, kafin ya karanta wannan. Namu jirgin yayana ne ya sayo shi daga Legas, can wajen Apapa ya yi rayuwarsa cikin ruwan gishiri, yanzu kuma yana kwana a gareji a Tumfure sai ƙarshen sati a ja shi zuwa dam ɗin Dadin Kowa. Gindinsa ya zo da tsohon fenti shuɗi wanda in ka shafa sai ya bar maka gari a hannu, ga wasu fararen zobba-zobba inda halittun nan na teku masu ɓawo suka taɓa mannewa aka kankare su.

Wanda ya sayar da jirgin cewa yayi a sake maimaita irin fentin kawai, wato antifaulin. Mai fentin da muka kai wa, wani dattijo ne da yake fentin mota amma yayi aikin jirage a kudu shekarun baya, yana zagaya jirgin sai yace wa Yaya, Alhaji wannan jirgin a ruwa yake kwana ko a gida? Aka ce a gida. Yace toh kuɗinka zaka zubar. Gsky anan ya fara burge ni, domin da ya yi shiru da ribarsa tafi haka.

Bayaninsa kuwa daidai ne. Shi antifaulin guba ce a cikinsa, yawanci sinadarin jan ƙarfe, yana fita a hankali cikin ruwa don kar gansakuka da halittun teku su samu wurin zama, kuma su waɗannan abubuwa sai jirgi ya yi kwanaki ko makonni a jiƙe kafin su kama. Jirgin da ake sakawa da safe a fitar da yamma me zai kama? Sannan kala biyu ne, akwai mai tauri wanda in ya daɗe a waje iska na bugunsa sai samansa ya toshe ya daina aiki gaba ɗaya, akwai kuma mai laushi da yake zaizayewa kamar sabulu, shi bushewa bata kashe shi amma katakon tirela zai riƙa goge shi duk sanda aka hau aka sauka. Ga shi kuma dam ɗin ruwan daɗi ne, waɗancan masu ɓawon basa rayuwa a ciki, iyaka santsi da gansakuka. Ni abin da ya fi tsaya min ma, ruwan famfon da muke sha a cikin garin Gombe daga Dadin Kowa yake zuwa, kifin da ake soyawa a bakin hanya daga nan ake kamo shi, ban ga dalilin da za mu je muna jiƙa guba a ciki ba alhali ko amfani bata mana.

Abin da yayi, farko ya sa yaransa suka wanke jirgin da ruwan famfo da omo sosai, har cikin lungunan tirela, yace gishiri in ya rage ƙarƙashin fenti shi yake jawo danshi fentin ya kumbura. Daga nan aka ɗaga jirgin da jak aka tokare shi da katako da tsofaffin tayoyi aka zare tirelar. Wannan ɓangaren fa ni ban ji daɗinsa ba, zuciyata a wuya take, mutum yana kwance ƙarƙashin jirgi ba wani abin kirki da ya riƙe shi sai tayoyi, Allah dai ya kiyaye. Suka bi tsohon fentin da samfefa lamba 80 suna zuba ruwa don kar ƙura ta tashi, har suka iso farin fatar faiban ta asali. Anan aka ga wasu ƙuraje ƙanana wajen baya, ruwa ne ya shiga cikin faiban, in aka fasa sai wani ruwa mai warin tsami ya fito. Ya fasa su duka ya wanke yace a bar jirgin ya sha iska, kuma da yake lokacin hunturu ne iskar a bushe take, yace abin da zai ɗau dogon lokaci a Legas nan zai yi sauri. Bai cike ramukan da bodi filar mota ba, da na tambaya yace Malam wancan ruwa yake sha, na epoxy ya kwaɓa, wani irin gam mai ƙarfi da baya shan ruwa.

Sai fentin epoxy mai gwangwani biyu, wanda ake haɗawa da hadina, maganin da ke sa shi ya yi tauri, hawa-hawa da rola. Kaɗan kaɗan yake haɗawa don zafin Gombe baya barin shi ya jima a roba, yana fara ɗumi shikenan ya daskare. Tsakanin hawa da hawa yana dangwala babban yatsa, in ya bar shaida amma fenti bai biyo yatsan ba sai a ƙara. A sama ya rufe da fenti mai sheƙi shima na haɗi, domin epoxy shi kaɗai rana tana sa shi ya koɗe. Kuma ya faɗa mana ƙarara, wannan na saman ba na zama cikin ruwa bane, in aka bar jirgin a dam na kwanaki zai iya kumbura, don haka duk ranar da Alhaji ya canza shawara zai riƙa barin jirgin can, a dawo a sake lissafi.

Yanzu inda ya gaza. Alƙawari, wlh sai haƙuri, gobe gobe har ka gaji, motocin mutane suna shigowa yana barin namu yana komawa kansu. Wurin aikin kuma fili ne ba rufi, hawan ƙarshe da rana aka yi shi iska na kaɗawa, yanzu in ka shafa gefen dama zaka ji tsakuwa tsakuwa na ƙurar hunturu, da an yi da sassafe an yayyafa ruwa a ƙasa da ba haka ba. Layin da ya raba fentin gindi da na jiki ya ɗan karkace wajen hanci, salatif ɗin da ido aka manna. Inda katakon tokari ya danne kuma daga baya aka shafe, ana ganin tabon in ka sunkuya.

Wanda ya fi damuna shine yaran. Ba safar hannu, hanci ɗaure da hankici, ruwan shuɗin nan da aka goge yana gangarawa kwata. Jirgin mai shekaru ne, kuma tsofaffin fentin jirage akwai masu sinadarin TBT mai guba wanda sai a 2008 dokar hana shi ta fara aiki a duniya, waye ya san abin da ke ƙarƙashin wancan shuɗin. Na ce Baba ya kamata a sayo musu abin rufe hanci na kirki, yayi dariya yace sun saba, ƙarshe ni na sayo.

Wani abu da ya ƙara mana kyauta, ya duba injin Yamaha ɗin ya nuna mana ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa don ya cinye a madadin inji, wani ya shafe shi da fenti a Legas, wanda hakan kashe shi ne. Yace a ruwan daɗi na magnisiyam yafi na zink aiki. Beyarin ƙafafun tirela ma gishiri ya cinye su, ya tura mu wurin bakanike.

Kuɗin hannunsa ba laifi, fentin ne mai tsada kuma ba'a samun sa a kasuwar Gombe, daga Legas aka ɗoro mana a mota. Ka sayo da kanka, ka duba kwanan watan lalacewa a gindin gwangwani, ka tabbatar hadinar tasa ce ba ta wani kamfani ba. In jirginka na alminiyam ne kuma kar ka bari antifaulin mai jan ƙarfen nan ya taɓa shi ko da wasa, huda shi zai yi.