Kwalejin Tsaro ta Sarki Fahad: me take ba mai son aikin gidan yari?

A majalisun Hausawan Makka da Jidda ana yawan tambaya kan wannan kwaleji ta Riyad a Saudiyya, musamman iyayen da yaransu suka gama sanawiyya, wato sakandare. Asalinta makarantar 'yan sanda ce da aka buɗe a Makka a 1935, daga baya ta koma Riyad, kuma ita ce ke yaye hafsoshin Ma'aikatar Cikin Gida: na Amnul Am ('yan sanda), da Jawazat (shige da fice), da masu tsaron iyaka, da masu yaƙi da ƙwaya, da kuma na Hukumar Gidajen Yari.

Kafin a je ga daɗinta, ƙofarta ta ɗan ƙasa ce kawai. Mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, ko a Shara Mansur ta Makka aka haifi kakansa, ba ya shiga. Sharaɗin ma ya wuce riƙe katin ɗan ƙasa, ana duba asali da inda mutum ya tashi, sannan wanda ya auri matar da ba 'yar ƙasa ba ya fita daga layi. Wannan na ƙarshen yana kama samarinmu da yawa, don auren 'yar kawu daga Kano ko Damagaram ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. A yi wannan lissafi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Hanya biyu ce. Mai sanawiyya yana yin shekara 3, ya fito da digiri a ilimin tsaro da muƙamin mulazim, wato laftana. Mai digirin jami'a kuma kwas ɗinsa gajere ne, bai wuce shekarar karatu guda ba. Duka biyun ta Absher, shafin intanet na Ma'aikatar Cikin Gida, ake nema, a sashen ɗaukar aiki, kuma kwanaki kaɗan ake barin shafin a buɗe. Ga mai sanawiyya ana haɗa makinsa da na jarrabawar Ƙudurat da Tahsili, wato jarrabawoyin ƙasa na shiga manyan makarantu, a jera masu nema. Daga nan sai tantance takardu, gwajin asibiti, gwajin ƙarfin jiki da ganawa da kwamiti.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Wani ƙiba ce ke kada shi, domin ana auna nauyi da tsawo tare. Wani ido. Wani ya yi sakaci da Ƙudurat yana ganin makin makaranta ya ishe shi. Wanda ya yi digiri a Najeriya ko Sudan kuwa sai ya nemi mu'adala, wato takardar amincewa da digirinsa, daga Ma'aikatar Ilimi, abin da ke cin lokaci, kuma idan rubutun sunansa a shahada, wato takardar digirin, ya saɓa da na katin ɗan ƙasa ko da harafi ɗaya ne, a nan aikin zai tsaya. A fara gudu da rage tuwon dare wata shida kafin a buɗe shafin, ba mako biyu ba.

Abin yabo a karatun shi ne ba fareti kaɗai ba ne. Ana haɗa shari'a da dokar bin bahasin laifi da dabarun bincike, kuma hafsan gidan yari da wannan yake cin abinci. Dole ya san cewa ba a riƙe wanda aka kama fiye da awa 24 sai da umarnin mai bincike, cewa umarnin Niyaba (ofishin masu gabatar da ƙara) na farko kwana 5 ne, ana iya ƙarawa zuwa 40, sannan zuwa 180 kafin a kai shi kotu ko a sake shi. Hafsan da ya kasa ƙirga waɗannan ranaku a fayil zai tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, kuma shi za a tambaya.

Rauninta ga mai wannan buri guda ne amma babba: kwalejin hafsan tsaro take yi, ba gandiroba zalla ba. Ba kai ke yanke hukuncin sashen da za a tura ka ba, buƙatar ma'aikata ce ke gaba. Kuma ko an tura ka gidan yarin, abubuwan da ke cika ranar aiki, kamar raba sabon shiga da wanda ya saba zuwa kurkuku, lura da mai shirin cutar da kansa, ko sanin fursunan bashi da za a iya fitarwa ta shirin Furijat na tara gudummawar biyan bashi, a bakin aiki ake goge su. Shawararmu, ɗalibi ya karanta Ƙa'idojin Mandela na 2015, na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, da kansa. Guda 122 ne, akwai su da Larabci, kuma a ciki ne aka hana keɓe fursuna shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere.

Wanda ya yi 'yan shekaru a aiki yana son zurfafawa, sai ya dubi Jami'ar Nayif da ke Riyad ɗin dai, wadda ta soma a 1978, inda ake yin digiri na biyu a fannin shari'ar laifuka. Mai iƙama kuma gara ya karanta shari'a ko ilimin zamantakewa, shahadar da za ta yi masa amfani idan ya nemi aikin gyaran hali a Najeriya ko Nijar.